Yaya Umaru da Kunun Yumɓu

Shekara tara ke nan, a cikin wannan watan, da aka fitar da yayana Umaru daga zauren gidanmu na Argungu aka kai shi makwancinsa. Duk shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki biro in ajiye, don ban san ta inda ake fara ba da labarin mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana leƙen bokitin laka ba. Bana dai ba ni da mafita. 'Yarsa Rukayya ta yi aure wata biyu da suka wuce, kuma shirin bikin nan ne ya sa na buɗe wani akwatinsa da ban taɓa ba tun rasuwarsa. Abin da na fara cin karo da shi gwangwanin madara ne mai huda ɗaya a gindi. Na zauna a ƙasa da shi a hannu, na yi kuka, na yi dariya, har maƙwabciyata a unguwar Badariya, nan Birnin Kebbi inda nake zaune, ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya.

Mu biyu ne a wurin mahaifiyarmu, shi babba, ni Hajara ƙarama. Inna maginiya ce, kamar yadda uwarta ta kasance. Randa, tulu, tukunyar miya, babu wanda ba ta gina ba, amma abin da aka fi saninta da shi a unguwarmu kaskon turaren wuta ne. Akwai wata al'ada a gidanmu wadda ban san wanda ya faro ta ba: duk 'yar gidan da za a kai ɗakin miji, ko ta ciki ko ta dangi, da kaskon da Inna ta gina ake raka ta. Kafin ya bushe, sai Inna ta kife shi ta danna babban yatsanta a gindinsa. Da shi ake turara ɗakin amarya ranar da ta tare, da shi ake turara kayan jaririnta na fari. Nawa yana nan har yau, bakinsa ya ɗan ɓalle, amma ba na ba da shi aro.

Yaya Umaru ya tashi a cikin wannan laka, ya kuma ƙi fita daga cikinta. Ya yi karatu, ya samu aiki a ɗakin koyar da aikin tangaran na wata makaranta a Birnin Kebbi. Ba shi ne mai tsayawa gaban allo ba. Shi ne mai jiƙa yumɓu, mai tacewa, mai hura wutar gashi, wanda ɗalibai ke nema idan kofinsu ya tsage ba su san dalili ba. Mutum ne mai sanyin jiki har ya ba ka haushi. Idan ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya dubi agogo, ya sake duba, sannan ya faɗa. Ni kuwa malamar firamare ce mai gaggawa, kuma tun ina budurwa an san ni a gida da nauyin hannu wajen kanwa. Miyar kuɓewata ta farko sai da ta koma kamar ruwan toka, kuma Yaya bai bar ni na manta ba har ya bar duniya.

Shekara shida kafin rasuwarsa, ciwon gaɓɓai ya kama hannuwan Inna. Yatsun suka kumbura, suka karkace, har ta kai ko ƙullin zani sai an taya ta. Ta daina gini. Abin da ya fi tsorata mu ba ciwon ba ne, zaman da ta koma yi ne. Matar da ba ta taɓa ganin hantsi a kan tabarma ba, sai ga ta tana yini a gindin bango, ta juya wa wurin aikinta baya. Tuwon da aka kawo mata haka ake ɗauke shi. Idan an gaishe ta sai ta ce tana jiran lokaci ne. A daidai wannan lokacin aka sa ranar auren babbar 'yata Nafisa, jikarta ta fari, wadda tun tana goye Inna ke cewa kaskonta sai ya fi na kowa. Saura wata uku.

Na je Argungu na zauna kusa da ita na kawo maganar a hankali. Ba ta ko dube ni ba.

"Ku sawo mata na kasuwa," ta ce. "Hannun da bai iya riƙon ludayi, shi za ya gina kasko?"

Yaya yana bakin ƙofa yana cire takalmi. Ya gama cire na dama, ya cire na hagu, ya jera su, sannan ya ce, "Inna, in hannu bai iya murɗa yumɓu, ai shina iya zuba shi."

"Yumɓu aka zubawa? Kunu na?"

Daga ranar sunan ya bi abin. A gidanmu har yau kunun yumɓu muke ce masa.

Dabarar da yake nufi a wurin aikinsa ya san ta. Ana ɗaukar abin da ake son kwaikwaya, a lulluɓe shi da hodar filasta irin wadda ake yin silin da ita, idan ta daskare a raba ta gida biyu a cire abin. An samu mazubi ke nan. Sai a haɗa ɓangarorin a ɗaure, a cika shi da yumɓun da aka dama ya zama ruwa-ruwa. Filastar tana shan ruwan da ke kusa da ita, yumɓu ya riƙa kwanciya a jikin bangon, idan ya yi kaurin da ake so sai a juye sauran. Abin da ya rage a ciki shi ne kaskon. Aikin bai buƙatar ƙarfin yatsa. Yaya ya ɗauko wani tsohon kaskon Inna, wanda ta gina tun hannunta na da lafiya, ya yi mazubi da shi. Har shaidar yatsanta ta gindi ta fito a jikin filastar raɗau.

Wuri ɗaya ne bai yi masa daɗi ba. Tsohon kaskon yana da 'yar ɓaraka kusa da ƙafarsa, sai ya cike ta da ɗanyen yumɓu kafin ya zuba filasta, ya manta bai shafe wurin ba. Filasta ba ta da kara, duk abin da ta tarar shi take ɗauka. Sawun yatsansa manuni ya zauna a cikin mazubin, ɗan lotsawa kamar ƙwayar wake, nesa kaɗan da na Inna. Ya yi ta tsaki. Ya ce ba komai, duk wanda aka zuba zai goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma tun yana ɗanye.

Mazubi ba shi ne wuyar aikin ba, kunun ne. Ni da farko na ɗauka abin wasa ne: a zuba ruwa a dama, in ya yi kauri a ƙara ruwa. Yaya ya bar ni na gwada da hannuna. Wanda na tsinka da ruwa ya zuba sumul, amma ya jiƙa mazubin sharkaf, ya kwana bai kama jiki ba, da ya bushe kuma ya tsuke ya tsattsage. Wanda na rage wa ruwa ya ƙi fita daga ludayi. Abin da ake nema shi ne yumɓu mai yawa, ruwa kaɗan, kuma duk da haka ya gudana kamar man gyaɗa. Na ce masa wannan ai neman abin da babu ne.

Sai ya ɗebo mai kaurin a kofi, ya ɗiga masa ruwan kanwa ɗigo uku, ya juya da tsinke. A gaban idona abin da ya ƙi motsi ya saki jiki ya zama ruwa, ba tare da an ƙara masa ko cokali ɗaya na ruwa ba. Kafin in rufe baki ya ɗiga masa ruwan tsamiya, ya sake juyawa, sai ga shi ya koma ya cure. Ya yi mini bayani yadda ƙwaƙwalwar malamar firamare za ta ɗauka. Ya ce ƙwayoyin yumɓu ƙanana ne ƙwarai, kuma halinsu shi ne manne wa juna, kamar mata a ƙofar ɗakin amarya, kowa ta riƙe zanin 'yar'uwarta, ba mai shiga ba mai fita. Ruwan da ka zuba yana nan, amma sun tsare shi a tsakaninsu. Kanwa kaɗan tana sa kowace ƙwaya ta saki maƙwabciyarta ta ɗan ja baya, ruwan ya samu hanya, kowa ta wuce. Tsami da gishiri kuwa sake haɗa su suke yi.

Ba kanwar miya yake zubawa kai tsaye ba. Yakan soya ta a busasshen kasko, ya jiƙa, ya bar ta ta kwanta, ya tace ruwan a kwalba. Yana haɗawa da 'yan ɗigo na silikat, ruwan nan mai yauƙi da masu haɗa sabulu ke saye. Jan yumɓun fadama shi kaɗai taurin kai gare shi, don haka yana cakuɗa shi da farar ƙasa da garin tsingaro da aka tankaɗe ya yi laushi. Ma'auninsa kuma shi ne gwangwanin madaran nan. Ya huda gindinsa da ƙusa, yakan toshe hudar da yatsa, ya cika shi da kunu, ya saki, ya riƙa ƙirgawa har ya tsiyaye. In ya ƙare tsakanin ashirin da biyar da talatin, ya yi. Dokarsa ta ƙarshe ita ce wadda ta fi ƙona mini rai: bayan kowane ƙarin kanwa, sai a rufe bokiti a bar shi ya kwana, domin yumɓu ba ya nuna halinsa na gaskiya a ranar da aka taɓa shi.

A Birnin Kebbi, da ruwan saman da ya tara a duro, abin ya yi kyau. Ranar wata Asabar muka ɗora kaya a mota muka nufi Argungu, Yaya yana ta murmushi shi kaɗai. A tsakar gidan Inna ya jiƙa sabon haɗi da ruwan rijiyarmu, ya sa kanwa daidai yadda ya saba. Washegari kunu ya tashi kamar tuwon da ya kwana. Ya ƙara ɗigo, ya jira, babu canji. Mako ya zagayo, ya sake dawowa, ya sake haɗawa, haka dai. Ranar nan na ga abin da ban taɓa gani ba, Yaya Umaru yana zufa yana magana da bokiti. Duk wannan Inna tana gindin bangonta, ta ba mu baya, kamar ba a gidan ake yi ba.

Can sai muka ji muryarta, ba ta ko waiwayo ba.

"Umaru, da wane ruwa kaj jiƙa shi?"

"Na rijiya, Inna."

"Rijiyag ga? Tun da kaka ganina, ka taɓa ganin na jiƙa yumɓu da ruwanta? Zartsi gare ta. Tukunya hwari-hwari taka yi in ta bushe. Ku tai gulbi."

Yaya ya dafe kai. Ya san a karatu cewa ruwa mai zartsi yana kashe aikin kanwa, yana sake manne ƙwayoyin da ta raba, amma bai taɓa kawo wa ransa rijiyar da ya sha tun yana yaro ba. Inna ba ta san sunan abin da ke cikin ruwan ba, ta dai san shekara hamsin tana aika a ɗebo mata na gulbi. Abin da na fi riƙewa daga wannan rana ba gyaran ba ne. Da aka kawo ruwan gulbi aka bar shi ya kwanta, Inna ta juyo da tabarmarta tana fuskantar bokitin, wai don kada mu sake yin wani shirmen. Da azahar ta ce a miƙo mata furar da ta ƙi sha da safe.

Yanzu sai laifina, wanda na daɗe ina son in faɗa a bainar jama'a. Saura wata guda biki, an samu kunu mai kyau bokiti guda, ƙirgensa talatin da biyar. Yaya ya ce ya kusa, a bar shi ya kwana, ya fita sallar la'asar. Ni kuwa lissafin kwanaki nake yi, ga bushewa, ga gashi, ga hidimar biki. Na ce a raina, in ɗigo uku sun yi wannan abin mamaki, me zai hana rabin kofi ya gama aikin yau? Na tuttula ruwan kanwa, na juya, na mayar da murfi, na koma wurin tsintar shinkafa kamar mutuniyar kirki.

Da safe aka buɗe. Sama ruwa ne tsararo mai launin shayi, ƙasa kuma yumɓun ya kwanta ya daskare kamar daɓe, muciya ma ta ƙi shiga. Da ƙyar aka tayar da shi, da aka dama kuma sai ya yi wani irin danƙo mai jan zare. Ɗan da aka gwada a ƙaramin mazubi ya liƙe, ya ƙi fita, ya fito a farfashe. Yaya ya tsoma yatsa, ya murza, ya taɓa a harshe. Ya dube ni ta ƙasan ido.

"Hajo, hannunki ya biyo ta nan?"

"Mi kag gani?"

"Ban ga komi ba. Ɗanɗanon miyakki nika ji."

Inna ta yi dariya har da tari, dariyar da rabonmu da ji tun kafin ciwon. Ni kuwa hawaye ne suka zubo mini, don na ga na kashe kaskon 'yata da hannuna, na kuma kashe ɗan abin da ya fara tayar da Inna zaune. Yaya bai yi faɗa ba. Ya zaunar da ni ya ce kanwa tana da iyaka. Kafin a kai iyakar, kowane ɗigo sassauta kunu yake yi. Da an wuce ta, ƙwayoyin ba su da sauran abin da ke riƙe su, masu nauyi su nutse su danƙare a ƙasa, in an ƙara gaba ma kunun ya sake yin kauri, ga shi tana cin jikin mazubi. Ba a iya tsame ta in ta shiga. Magani ɗaya ne, a jiƙa sabon yumɓu wanda bai ga kanwa ba, a riƙa haɗawa da shi kaɗan-kaɗan har a dawo daidai. Kwana tara wannan ya ci mana. Hukuncin da ya yanke mini shi ne ni zan riƙa riƙe gwangwani ina ƙirgawa, safe da yamma, kuma ba ni ba kwalbar kanwa.

Ranar da ƙirge ya tsaya a ashirin da takwas kwana biyu a jere, kuma aka buɗe bokiti da safe ba a ga ruwa ya taso sama ba, Yaya ya ɗaure mazubi da igiyar roba ya ajiye a gaban Inna. Ya zuba kunun a ƙaramar buta. Ta kama ta da tafukan hannu biyu, tunda yatsun ba sa lanƙwasuwa, ta yi bisimilla ta karkata. Zaren yumɓu ya sauka siriri bai yanke ba har mazubi ya cika. Ita ce ta ce lokacin juyewa ya yi, da ido kawai, kuma da Yaya ya duba agogonsa ya tarar daidai ne. Washegari aka buɗe. Kaskonta ne sak, har da yatsanta a gindi. Yaya ya yi maza ya goge nasa sawun da tsumma yana cewa wannan aikin Inna ne, ba nasa ba. Ita kuma ta nuna inda za a huda ramukan iska, ta sa aka riƙe mata shi, ta danna babban yatsanta a kan tsohon sawun don ya ƙara fitowa. Da wannan kasko aka raka Nafisa.

Inna ta ƙara shekara huɗu a duniya, kuma ba ta sake komawa gindin bango ba. Yaya ya yi mata sababbin mazubai marasa aibi, na kasko, na asusu, na 'yan kofuna, ya ɗauke na farkon ya ɓoye don kunyar sawun yatsansa. Tana zuba, tana faɗa da duk wanda ya kusanci bokitinta da ruwan rijiya, matan unguwa biyu ma suka koya a wurinta. Bayan ta rasu da shekara biyu shi ma ya bi ta, bayan gajeriyar jinya. Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Na san zai yi murna da ɗan sikelin nan na zamani mai auna abu komai ƙanƙantarsa, wanda ya yi ta buri bai samu ba, yanzu kuwa har masu sayar da turare suna da shi. Zai tsaya ya daɗe yana kallon tulin buntun shinkafa a hanyar Zauro, yana lissafin tukwanen da za a gasa da shi. Amma na san inda za a yi rigima. Kwanan baya wata ɗalibata ta dā ta nuna mini bidiyo a waya, wani yana koyar da wannan aiki, yana cewa a zuba murfi biyu na silikat a bokiti, shi ke nan. Bai tambayi wane yumɓu ba, bai tambayi wane ruwa ba, bai ce a bari ya kwana ba. Ga shi yanzu kowace unguwa da burtsatsenta, kowanne da irin ruwansa. Da Yaya yana nan da ya kalli bidiyon sau biyu, ya mayar da wayar cikin ladabi, ya ce mutumin yana da ƙoƙari, wanda a bakinsa wannan zagi ne babba. Kaskon turare na lantarki da ya cika kasuwa kuwa ba na jin zai dame shi. Bai taɓa cewa kowa sai ya yi irin rayuwarsa ba.

Rukayya tana da shekara goma sha uku ya rasu, kuma a hannuna ta ƙarasa girma. Da aka sa ranarta, muna cikin lissafin kayan ɗaki, sai ta ce, "Gwaggo, ni wa za ya yi mani kasko?" Na buɗe baki in ce za mu saya, sai na ji maganar Inna ce zan maimaita, na haɗiye ta. Matan nan biyu da suka koya, ɗaya ta rasu, ɗaya ta bi mijinta wani gari, mazuban da aka ba su kuma sun cinye tuntuni. Abin da ya kai ni ga akwatin ke nan. A ƙarƙashin gwangwanin, naɗe cikin tsohuwar rigarsa, na tarar da mazubin farko, a bushe, lafiya lau.

Ban taɓa haɗa kunu ni kaɗai ba, ni mai ƙirge ce kawai. Na sa aka kawo mini yumɓu da jarka biyu na ruwan gulbi daga Argungu, direban yana ta mamakin matar da ke da famfo a gida take sayen ruwa mai laka. Na soya kanwa, na tace, na nemo silikat wurin wata mai sabulu. Kwana na huɗu, da yamma, ƙirge ya tsaya a talatin da shida, ga biki yana matsowa. Ban san lokacin da hannuna ya kai kan kwalbar ba. Na tsaya da ita a sama, a karkace, shekarata hamsin da bakwai, jikoki huɗu, amma wallahi sai da na waiwaya in ga ko yana bakin ƙofa yana jera takalmi. Na mayar da murfin kwalbar, na rufe bokiti, na shiga ɗaki ina faɗa da mamaci. Da safe na cika gwangwani na saki yatsa. Ashirin da tara.

Guda uku na zuba a cikin mako guda, na kai wa maginan unguwar Inna suka gasa tare da nasu. Ɗaya ya tsage a wuta, ɗaya ya karkace, ɗaya ya fito. Ba zan ce ya kai na Inna kyau ba, ramukan iskar da na huda ba su daidaita ba, kuma duk wanda ya san aikin zai gane hannun baƙuwa ne.

In an tambaye ni abin da ya rage na Yaya Umaru, ba ni da abin nunawa mai yawa. Bai gina gida mai bene ba, babu littafi da sunansa, ɗaliban da ya gyara wa kofuna sun watsu, wataƙila ma sun manta fuskarsa. Ya dai mayar wa tsohuwa da shekara huɗu na rayuwa da bokiti ɗaya da gwangwanin madara, ya kuma koya wa ƙanwarsa mai gaggawa rufe murfi ta jira gobe, ko da yake sai da ya mutu darasin ya gama shiga. Ina kewarsa ƙwarai, har da sanyin jikin nan da ke ba ni haushi.

Abu ɗaya na yi wanda na san ba zai yarda ba. Ranar da na buɗe mazubin, kaskon yana ɗanye, na kife shi a tafin hannuna. Ga babban yatsan Inna a tsakiya. Gefe kaɗan, kusa da ƙafa, ga ɗan lotsawar nan kamar ƙwayar wake. Jiƙaƙƙen tsumman yana hannuna na dama, don haka na ga yana yi. Na daɗe ina kallon wurin, sannan na ajiye tsumman, na bar sawun haka a duka kasake ukun da na zuba.

Ranar da za a kai Rukayya, na kira ta ɗakina na ba ta kaskon, na kife shi na nuna mata sawun yatsan kakarta. Ita ce ta lura da ɗayan.

"Gwaggo, wanga hwa? Ya lotsa."

"Bai lotsa ba," na ce. "Sa yatsanki."

Ta sa manuninta a ciki. Ya yi mata ɗan yawa.

"Na babanki na," na ce mata. "Shi ya so a goge, ni na ƙi."